W. Edwards Deming: Masanin da ya ƙididdige tsadar aikin da ba a yi daidai ba

A daren 24 ga Yunin 1980, gidan talabijin na NBC a Amurka ya nuna wani dogon shiri da ke tambayar dalilin da ya sa masana'antun Japan suka sha gaban na Amurka. A wancan lokaci motocin Japan da talabijin ɗinta sun cika kasuwannin Amurka, kamfanonin cikin gida kuwa suna ta sallamar ma'aikata. Can wajen ƙarshen shirin aka nuno wani dattijo ɗan shekara 79, mai kaushin murya, wanda ofishinsa ke ɗakin ƙarƙashin gidansa a birnin Washington. Yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunansa ba, alhali a Japan an shafe kusan shekara talatin ana ba da lambar yabo mafi daraja ta masana'antu da sunansa. Da gari ya waye, wayar ofishin ta shiga ƙara, kuma haka ta ci gaba har ƙarshen rayuwarsa.

Sunan dattijon William Edwards Deming. Abin da ya shafe rayuwarsa yana koyarwa ana iya faɗinsa a taƙaice, sai dai aiki da shi ne ya gagari mutane da yawa: duk kuskuren da aka yi a wurin aiki akwai wanda ya biya kuɗinsa, kuma mafi yawan kurakuran nan tsarin aikin ne ke haifar da su, ba ma'aikacin da ake tuhuma ba.

An haifi Deming ranar 14 ga Oktoban 1900 a Sioux City da ke jihar Iowa. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa jihar Wyoming, suka zauna a Cody, daga baya suka koma kusa da garin Powell, inda suka samu filin noma. Ƙasar ba ta da albarka, sanyin wurin kuma mai tsanani ne, gidan da suka fara zama a ciki bai wuce bukka ba. Tun yana yaro ya shiga neman na kansa, har da aikin kunna fitilun titi na garin. Wannan talauci ya bar masa ƙyamar almubazzaranci har tsufansa. Waɗanda suka san gidansa sun ba da labarin cewa yakan rubuta kwanan wata a jikin ƙwai kafin ya sa a firij, don a fara cin wanda ya riga zuwa.

Ya yi digirin farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Wyoming a 1921, yana karatu yana aikin shara da goge-goge don biyan kuɗin makaranta. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Colorado a 1925, sannan digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1928 a fannin lissafi da kimiyyar fiziks. A hutun 1925 da na 1926 ya yi aikin wucin gadi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago, inda mutane sama da 40,000 ke ƙera kayan tarho. A can ya ga yadda ake biyan ma'aikaci gwargwadon yawan abin da ya fitar, ana kuma zaftare masa lada in an samu aibi. Daga baya ya riƙa bayyana wannan salon biya a matsayin ƙasƙanci ga ɗan Adam, kuma hanya mafi sauƙi ta tara kayan banza, domin wanda ake biya don yawa ba zai tsaya duba kyau ba.

Haɗuwarsa da Shewhart

Bayan ya kama aiki a Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka a 1927, aka haɗa shi da Walter Shewhart, masanin kimiyya a cibiyar bincike ta Bell. Shewhart ne ya zana jadawalin sa ido kan inganci a wata gajeriyar takarda da ya rubuta wa shugabansa ranar 16 ga Mayun 1924, kuma Deming bai taɓa ɓoye cewa daga wurinsa ya samo tushen iliminsa ba.

Matsalar da Shewhart ya warware ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk abin da Deming ya gina daga baya a kanta yake tsaye. Babu aikin da ke fitar da sakamako iri ɗaya kullum. Injin da ke yanka ƙarfe zai ɗan yi sama yau, ya ɗan yi ƙasa gobe. Akawun da ke shigar da bayanai zai yi kuskure uku ranar Litinin, ya yi bakwai ranar Talata. Shewhart ya raba wannan hawa da sauka gida biyu. Akwai wanda ya samo asali daga tsarin aikin kansa, wato ingancin kayan da aka sayo, hasken ɗakin, horon da aka ba ma'aikata, yanayin injin. Akwai kuma wanda wani abu na musamman ya haddasa, kamar lalacewar wata na'ura ko zuwan sabon ma'aikacin da ba a koya masa komai ba. Jadawalin nasa yana ja layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bisa lissafi. Duk sakamakon da ya faɗa tsakanin layukan nan na tsari ne, kuma neman wanda za a ɗora wa laifinsa ɓata lokaci ne. Wanda ya tsallake layi shi ne ake bin sawunsa.

Ruɗa waɗannan biyu yana da tsada ta fuska biyu. In aka ɗauki matsalar tsari a matsayin laifin mutum, za a yi ta bincike da ba da takardar gargaɗi da taɓa saitin inji, abin ya ƙara lalacewa. In kuma aka ɗauki matsala ta musamman a matsayin abin da aka saba, za a bar ɓarna tana ci gaba. A 1938 Deming ya gayyaci Shewhart ya gabatar da laccoci a makarantar horon ma'aikata ta ma'aikatarsu, ya kuma tace su suka zama littafi a 1939. Kafin nan, a 1936, ya je Landan ya ƙara ilimin ƙididdiga a wurin Ronald Fisher.

Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne cewa Deming ya fara gwada wannan ilimi a ofishin gwamnati ne, ba a masana'anta ba. A 1939 ya koma Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Amurka, ana shirin ƙidayar 1940. A wannan ƙidaya ce aka fara amfani da samfuri, inda aka yi wa mutum ɗaya cikin kowane ashirin ƙarin tambayoyi maimakon a yi wa kowa. Akwai kuma aikin huda miliyoyin katunan da injin lissafi ke karantawa. Al'adar da aka gada ita ce duk katin da akawu ya huda sai wani akawun ya sake bin sa, wato ana biyan aiki ɗaya sau biyu. Deming da abokan aikinsa suka riƙa bin yawan kuskuren kowace ma'aikaciya a jadawali. Wadda aikinta ya daidaita, sai a riƙa duba samfuri kawai daga cikinsa. Wadda ke fama, a ƙara mata horo. Kuɗin aikin ya ragu, sakamako ya fito da wuri, ingancin alƙaluman bai faɗi ba.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ba da shawarar a shirya gajerun kwasa-kwasai ga injiniyoyin masana'antun makamai. Aka fara a Jami'ar Stanford a 1942, kuma kafin yaƙin ya ƙare mutane kusan 31,000 sun samu horon. Amma da aka sauke makamai sai abin ya bi ruwa. Masana'antun Turai da Japan sun zama kufai, duniya na jiran kayan Amurka, duk abin da aka ƙera yana samun mai saye. Cikin 'yan shekaru jadawalan suka ɓace daga bangon masana'antu. Deming ya ɗauki darasi mai ɗaci daga nan: an koyar da injiniyoyi, an bar shugabannin da ke riƙe da kuɗi da ikon sauya tsari ba su san komai a kai ba.

Japan

Ya fara zuwa Japan a 1947, lokacin tana ƙarƙashin mulkin sojan mamaya na Janar Douglas MacArthur, don ya taimaka wajen shirin ƙidaya. Ya tarar da birane ƙone, abinci ya yi ƙaranci, kayan da ƙasar ke fitarwa kuwa sun yi suna wajen arha da saurin lalacewa. Ya yi hulɗa da masana ƙididdiga na ƙasar cikin mutunci, abin da ba kowane Ba'amurke ke yi ba a lokacin. Saboda haka Ƙungiyar Masana Kimiyya da Injiniyoyi ta Japan, wadda ake kira JUSE, ta gayyace shi ya dawo a 1950.

A watan Yulin shekarar ya gudanar da kwas na kwana takwas a Tokyo ga ɗaruruwan injiniyoyi. Sai dai bai manta abin da ya faru a gida ba, don haka ya nemi a haɗa shi da masu kamfanonin da kansu. Ichiro Ishikawa, shugaban JUSE kuma shugaban babbar ƙungiyar 'yan kasuwa ta Keidanren, ya tara masa shugabannin manyan kamfanoni 21 a wata liyafar dare, aka kuma sake wani zaman a Hakone a watan Agusta.

Abin da ya faɗa musu ya saɓa wa abin da kowa ya yarda da shi a lokacin, wato cewa kaya mai kyau dole ya fi tsada. Lissafin Deming ya nuna akasin haka. A ɗauka masana'anta ta kashe naira 100 ta ƙera abu 100, goma suka fito da aibi. An biya kuɗin kayan haɗi na goman nan, an biya wutar da aka ƙona, an biya ma'aikacin da ya yi su, za a kuma sake biyan wani ya gyara ko ya zubar. Kowane abu mai kyau ya tashi a kan fiye da naira 1 da kwabo 11 ke nan, tun kafin a sa kuɗin gyara. In aka rage masu aibi zuwa biyar, farashin ya sauko zuwa kusan naira 1 da kwabo 5, an kuma samu ƙarin kaya biyar na sayarwa ba tare da sabon inji ko sabon ma'aikaci ba. Daga nan ya zana musu sarƙar da ta yi suna: inganci ya ƙaru, maimaita aiki da jinkiri su ragu, kuɗin samarwa ya sauka, a kama kasuwa da kaya mai kyau mai sauƙi, kamfani ya ɗore, ayyukan yi su yawaita. Ya nuna musu cewa mai dubawa da ke tsaye a ƙarshen layi bai hana asara ba, domin kafin kaya ya iso gabansa an riga an biya kuɗin ɓata shi. Ya kuma yi musu albishir cewa in suka bi wannan hanya, cikin shekara biyar duniya za ta fara neman kariya daga kayansu. Daga baya yakan ce sun riga hasashensa da shekara ɗaya.

An buga laccocinsa aka sayar, shi kuma ya ƙi karɓar ladan littafin, ya bar wa JUSE. Da wannan kuɗi aka kafa Lambar Deming a 1951. A 1960 Sarkin Japan Hirohito ya ba shi lambar girma ta ƙasar, sannan Toyota ta ci Lambar Deming a 1965.

A nan ya kamata a yi adalci, domin bayan 1980 'yan jaridar Amurka sun mai da labarin tamkar mutum ɗaya ne ya tashi Japan daga toka. Kafin laccocin 1950, Homer Sarasohn da Charles Protzman sun riga sun koyar da shugabannin kamfanonin sadarwa na Japan dabarun gudanarwa. Joseph Juran ya je a 1954, kuma Japanawa da dama suna ganin tasirinsa a kan shugabanni bai gaza na Deming ba. Yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke makonni kaɗan kafin kwas ɗin Tokyo, ya kawo wa masana'antun Japan odar kayan soja mai yawa. Sannan mutanen ƙasar irin su Kaoru Ishikawa da Taiichi Ohno na Toyota sun ƙirƙiro dabarun kansu. Rabon Deming shi ne ya isar da saƙon ga waɗanda ke da ikon aiwatarwa, a daidai lokacin da suke da yunwar ji.

Annabi a garinsu

Shekaru talatin da suka biyo baya ya yi su a Amurka yana koyarwa a Jami'ar New York, yana kuma ba kamfanonin sufuri da kotuna shawara kan ƙididdiga. Masu masana'antu ba su neme shi ba. Sai a 1979 William Conway, shugaban kamfanin Nashua mai yin takarda da kayan ofis, ya kira shi bayan ya ga yadda abokan gasarsa na Japan ke aiki. A wani sashe da ake shafa wa takarda sinadari, ma'aikata sun saba taɓa saitin injin duk lokacin da awo ya ɗan kauce, har kamfanin na shirin sayen sabon kan inji mai tsada. Deming ya ce a bar injin ya yi aiki ba tare da an taɓa shi ba, a riƙa rubuta awon. Sai aka gano yawan taɓawar ne ke ƙara rikita shi. Aka fasa sayen injin, aka rage sinadarin da ake shafawa, kamfanin ya riƙa tsimin ɗaruruwan dubban daloli a shekara. Wannan labari na cikin abin da shirin NBC ya nuna.

Kamfanin Ford, wanda ya yi asarar sama da dala biliyan uku tsakanin 1980 da 1982, ya kawo shi a 1981. Deming ya gindaya sharaɗin da ya saba, cewa sai shugaban kamfanin, Donald Petersen, ya shiga da kansa. Manajojin sun zaci zai yi musu maganar inganci, sai ya ɓuge da yi musu tambayoyi kan yadda suke mulki, kuma ba ya sassauta harshe ko da waye a gabansa.

Wani abu da ya faru a Ford a shekarun nan ya fi kowace lacca bayani. Kamfanin na ƙera giyabos iri ɗaya a wurare biyu, a masana'antarsa ta Batavia a jihar Ohio da kuma wurin Mazda a Japan, da zane ɗaya da ma'auni ɗaya. Amma ƙorafin masu mota da kuɗin gyaran garanti sun fi yawa nesa ba kusa ba a kan na Amurka. Injiniyoyi suka kwance samfurin kowanne suka auna. Duk sassan na Amurka suna cikin iyakar da aka yarda da ita, babu wanda za a kira mai aibi. Sai dai sun watsu daga wannan gefen iyakar zuwa wancan, na Mazda kuwa sun taru a tsakiya kamar tagwaye. Cika ƙa'ida a takarda bai hana Ford biyan kuɗin gyara ba. A 1986, bayan fitowar motar Taurus, ribar Ford ta zarce ta General Motors a karon farko tun shekarun 1920.

A littafinsa Out of the Crisis, wanda ya fara fitowa da wani suna a 1982 kafin a sake buga shi a 1986, ya kawo ƙiyasin Armand Feigenbaum cewa kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin ƙera kusan kowane kayan Amurka asara ce da aka cusa a ciki, kuma mai saye ke biya. Duk da haka ya nace cewa asarar da ta fi girma ba ta shiga littafin akanta. Ana iya lissafa kayan da aka zubar, amma babu mai iya lissafa abokin cinikin da ya tafi bai dawo ba, ko waɗanda ya hana zuwa, ko ma'aikacin da ya daina ba da shawara saboda tsoro. A ƙiyasinsa, kashi 94 cikin ɗari na matsaloli na tsari ne, wato suna wuyan shugabanni.

Jajayen duwatsu

A tarukan kwana huɗu da ya riƙa yi a faɗin Amurka, yakan nuna wannan da wani wasa da ya fi komai zama a zukatan mahalarta. Yakan kawo akwati mai ƙananan duwatsu irin ƙwayoyin carbi guda 4,000, farare 3,200 da jajaye 800. Sai ya kira mutum shida daga cikin jama'a su zama ma'aikata, ya naɗa masu dubawa da mai rubutawa, shi kuma ya zama shugaban aiki. Kowane ma'aikaci zai tsoma wani faifai mai ramuka 50 a cikin akwatin ya ɗebo. Kamfani fararen kawai yake so, ja aibi ne.

Deming yakan taka rawar shugaba da gaske. Wanda ya ɗebo ja huɗu ya sha yabo da alkawarin ƙarin albashi. Wanda ya ɗebo goma sha biyar a yi masa faɗa a gaban kowa. Gobe gwarzon jiya ya ɗebo goma sha uku, a ce yabo ya sa shi girman kai. A ƙarshe a kori uku, a bar ukun da suka fi ƙoƙari, su ma sakamakonsu ya fito kamar na da, a rufe kamfani. Sannan ya juya ga allo ya yi lissafin. Tun da ɗaya cikin biyar na duwatsun ja ne, kowane ɗiba zai kawo kusan goma, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin biyu da goma sha takwas sa'a ce kawai. Babu ƙwazo ko lalaci a ciki. Mai iya rage jajayen shi ne wanda ya sayo akwatin. Abin mamaki, mahalarta da suka san wasa ne sukan ji kunya ta gaske in suka ɗebo ja da yawa.

Daga nan ne ƙiyayyarsa ga auna ƙwazon ma'aikata na ƙarshen shekara ta samo asali. Ya sa shi cikin cututtuka bakwai da ya ce suna kashe kamfanoni, tare da son ribar gaggawa da yawan sauya manajoji. A ganinsa, jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe yana raba lada da horo bisa abin da tsari ya haifar, yana kashe haɗin kai, yana kuma koya wa mutane ɓoye matsala. Ya soki allunan kirari da ake liƙawa a bango ana roƙon ma'aikata su daina kuskure, ya soki ba da kwangila ga mafi arha ba tare da duba inganci ba, ya soki ɗora wa mutane adadin da za su cika ba tare da nuna musu hanya ba. Duk wanda ya taɓa ganin fayil ya dawo tebur sau uku saboda fom ɗin da aka tsara ba daidai ba, aka kuma tuhumi akawu, ya san akwatin da ake magana. Wannan ɓangare na koyarwarsa shi ne aka fi ƙi. Kamfanoni da yawa sun karɓi jadawalan, sun buga manufofinsa goma sha huɗu sun rataye, amma suka riƙe fom ɗin auna ƙwazo. Masu sukarsa kuma suna da hujjar da ba a raina ba, cewa ya fi ƙarfi wajen rushe tsohon ma'auni fiye da bayyana abin da zai maye gurbinsa a ma'aikata mai dubban mutane.

A gida mutum ne mai sauƙin rayuwa. Matarsa ta farko, Agnes, ta rasu a 1930. Ya auri Lola Shupe a 1932, masaniyar lissafi wadda suka yi rubuce-rubucen bincike tare, ita ma ta riga shi a 1986. Yana kaɗa kayan kiɗa, yana kuma tsara waƙoƙin coci. A 1987 Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar ƙasa ta fasaha, shekara 27 bayan ta Japan.

Bai yi ritaya ba. Ya haura shekara 90 yana yawo daga gari zuwa gari, cutar daji na cin jikinsa, ana tura shi a keken marasa lafiya da tukunyar iskar numfashi a gefensa. Littafinsa na ƙarshe, The New Economics, ya fito a 1993. Ya gudanar da taronsa na ƙarshe a jihar California a farkon Disambar shekarar, ya koma gida Washington, inda ya rasu cikin barci ranar 20 ga Disamban 1993 yana da shekara 93.